Barci Ma Karatu Ne

Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawar WAEC ko NECO, sai dare ya canza kama a ɗakunan kwanan ɗalibai. An buga ƙararrawar kashe fitila, amma ga hasken tocila nan yana leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi don kada gyangyaɗi ya sace shi. Wata ta dama Nescafé mai kauri, babu ko madara. Wani kuma ya cika kumatu da goro kamar tsohon direban tirela. Haka abin yake ga 'yan jeka-ka-dawo, sai dai su a tsakar gida ko a zaure suke nasu. Gari na wayewa a shiga alfahari: "Ni fa jiya ko rintsawa ban yi ba." Abokai su dube shi da sha'awa, a ce lallai wane ya dage.

Niyyar mai kyau ce, babu mai musu. Matsalar ita ce, wannan dagewa tana cin amanar mai ita. Ɗalibin da ya hana idonsa barci don ya ƙara karatu, ya toshe hanyar da karatun ke bi ya zauna a kansa. Masana sun shafe shekara ɗari suna gwada wannan batu, kuma amsa ɗaya suke ta samu.

Allon da ke cikin kanka

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin. A rubuta maka karatu, ka yi ta biyawa har ya zauna, sannan a wanke allon a rubuta na gaba. Allo ba ma'ajiya ba ne, wurin jira ne kawai. In ba a wanke shi ba, babu inda za a rubuta sabo.

Ƙwaƙwalwa ma tana da nata allon. Wani ɗan sashe ne can ciki, masana suna kiransa hifokamfas. Abin da malamin Kimiyya ya faɗa da safe, da ƙa'idar Lissafi da ka koya bayan tara, da sunayen da ka haddace a Tarihi, duk a nan ake fara rubuta su. Idan ka yi barci mai nauyi, sai ƙwaƙwalwa ta shiga tilawa ita kaɗai: tana maimaita abin da aka rubuta da rana, tana tura shi zuwa sassan da ke ajiya ta dindindin. Da safe ka tashi da abu biyu, karatun jiya ya ƙara zama, allon kuma ya samu fili.

A shekarar 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Jenkins da Karl Dallenbach, suka gwada abin a kan ɗalibai biyu. Sukan ba su jerin gaɓoɓin kalmomi 10 marasa ma'ana su haddace. Wani lokaci su kwanta barci bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na rana. Bayan awa 8, in barci suka yi, sukan tuna fiye da rabi. In kuwa ido biyu suka wuni, da ƙyar suke tuna ɗaya. Mutum biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, amma tun daga lokacin an maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da dama da mutane masu yawa, kuma barci ne ke rinjaye.

Shi barcin kansa ba iri ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe. Zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, irin wanda sai an jijjiga mutum kafin ya farka. Can wajen asuba kuma barcin mafarki ke ƙaruwa. A 1953 ne Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano wannan mataki, bayan sun lura cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci ke yawo da sauri a ƙarƙashin fata. Kowane mataki da aikinsa. Wanda ya kwanta ƙarfe 2 ya tashi ƙarfe 5, zagaye biyu kacal ya samu, sauran aikin an bar shi a rataye.

Yaron da ya yi kwana 11 bai rintsa ba

A ƙarshen 1963 wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 a birnin San Diyego na Amurka, mai suna Randy Gardner, ya ƙudiri aniyar gano iyakar abin da ɗan Adam zai jure ba barci, don baje kolin kimiyya na makaranta. Ya kai awa 264, wato kwana 11. Cikin 'yan kwanaki ya zama mai saurin fushi, maganarsa ta fara sarƙewa, har ya riƙa ganin abin da babu. Kusa da ƙarshe aka ce ya fara daga 100 ya riƙa cire 7. Da ya kai 65 sai ya tsaya cak. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da yake yi. Da ya samu ya kwanta, sai da ya yi fiye da awa 14 yana barci. Daga baya masu kundin bajinta na Guinness suka daina karɓar irin wannan gasa saboda haɗarinta.

Babu wanda zai kwaikwayi Randy a cikinku, amma ba sai an kai kwana 11 ake ganin illa ba. Wasu masana a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hannunsa da na hankalinsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya daidai adadin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba, da ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. To ina ga wanda ya kai 2, sannan da safe ya shiga ɗakin jarrabawa? Zai karanta tambaya sau uku bai gane ta ba. Ya san amsar, tana bakinsa, amma ta ƙi fitowa.

Ga kuma wani abu da ya kamata samari masu hawa babur su sani. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na daƙiƙa kaɗan ba tare da ta nemi izini ba, wani lokaci ma ido a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 4 na gyangyaɗi sun fi tsawon filin ƙwallo, babu kowa a kan sitiyari. Ba banza Bahaushe ya kira barci ɓarawo ba.

Jiki ma yana biyan nasa kason. Sinadarin da ke sa girma da gyaran tsoka, mafi yawansa lokacin barci mai nauyi yake fita, ku kuwa yanzu ne lokacin girmanku. Garkuwar jiki ma da barci take ƙarfi. A wani gwaji da aka wallafa a 2009, masana a Jami'ar Carnegie Mellon sun ɗiga wa mutum 153 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu. Masu barcin ƙasa da awa 7 sun kusa ninka masu awa 8 sau uku wajen kamuwa. Rashin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi, yana kawo ciwon kai, yana sa ƙaramar magana ta zama faɗa. Yawancin masu fama da matsananciyar damuwa suna fama da matsalar barci, kuma kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi.

Lissafin da ba ya ƙarya

Awa nawa ake bukata? Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da shawara a 2016: 'yan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 a kowace rana, 'yan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12.

Yanzu mu kawo lissafin gida. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, wajen ƙarfe 5 ake kiran Asuba. Daga nan sai shara, ɗiban ruwa, wanka, karin kumallo, a kama hanya. Mai tashi ƙarfe 5, in yana son awa 8, sai ya kasance ƙarfe 9 na dare ya riga ya yi barci. Tambayi kanka tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da haka? Mai kwanciya 11 kullum, awa 2 ake bin sa a kowane dare. Daga Litinin zuwa Juma'a bashin ya kai awa 10, ya fi barcin dare guda cur.

Amma a yi wa matasa adalci, ba duka laifinsu ba ne. A jikin kowa akwai agogo da ke tsara lokacin barci da farkawa (masana uku da suka bayyana yadda yake aiki sun samu lambar Nobel a 2017). Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, shi ne mai shelar cewa dare ya yi. Binciken Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna cewa da zarar yaro ya balaga, wannan shela takan fara makara da awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ƙaninka ɗan firamare ke ɓingirewa bayan Isha'i, kai kuwa idonka ƙyar. Ba taurin kai ba ne, halitta ce. Saboda wannan dalili jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa manyan makarantun sakandare na gwamnati kada su fara darasi kafin 8:30 na safe.

Mu nan ba za a ɗaga mana Asuba ba, kuma zafin rana ba zai bari a jinkirta makaranta sosai ba. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce ta dare. Sai dai a bakin ƙofar nan akwai masu tare hanya.

Babbansu yana cikin aljihunka

Waya tana satar barci ta hanya uku. Haskenta a fuska yana rage fitar melatonin, ya ƙara wa agogon da dama ya makara wata makarar. Abin da ake kallo yana tayar da hankali: musu a zauren WhatsApp na 'yan aji, littafin soyayya da aka tsaya a daidai inda amarya ta gudu, fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Ta ukun ita ce mafi muni, cin lokaci tsagwaronsa. Bidiyon TikTok ba shi da shafin ƙarshe, an gina shi ne don kada ka ajiye. Ka ce saura guda ɗaya, ka ɗaga kai ka ga ƙarfe ɗaya.

Kamfanonin waya kuma suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare. Ga ɗalibin da kuɗin tararsa bai taka kara ya karya ba, wannan garaɓasa ce. Amma a duba da kyau: rangwamen 'yan nairori aka yi maka, kai kuma ka biya da darasin farko da na biyu na gobe. In dole sai ka sauke wani abu, ka saita shi ya sauka, ka kife wayar ka kwanta. Haka wasannin Zakarun Turai na Talata da Laraba, waɗanda a lokacin sanyi sai wajen ƙarfe 11 ake tashi daga gidan kallo. Babu mai cewa ka rabu da Barsa ko Madrid, amma ba kowane wasa ne ya cancanci barcinka ba, balle a makon jarrabawa.

Sai goro da danginsa. Tun daga farkawarka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, shayi, kofi, lemon kola da lemukan ƙara kuzari ba ya cire gajiyar, toshe wa ƙwaƙwalwa kunne kawai yake yi don kada ta ji saƙon. Gajiyar tana nan tana jira. Kuma kafeyin ba ya saurin fita, bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan a jini. Shayi mai kauri da aka sha a majalisa bayan Magariba, har 11 na dare bai gama aikinsa ba. Daga La'asar a haƙura da su.

Akwai kuma masu tare hanyar da ba ɗalibi ne ya gayyato su ba. Yarinyar da ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wanke-wanke, wani lokaci har da talla, sai 10 na dare take samun buɗe littafi. Gobe in ta yi gyangyaɗi a aji a kira ta malalaciya. A ganina, malamin da ya ga ɗalibi yana barci kullum, ya fara tambayarsa ƙarfe nawa yake kwanciya kafin ya ɗauko bulala. Makarantun kwana ma su ƙirga awannin da ke tsakanin tashi daga firef da ƙararrawar asuba. In ba su kai 8 ba, jadawalin ne ke bukatar gyara.

Zafi, sauro da hayaƙi

Jiki yana bukatar ya ɗan huce kafin barci ya zo, shi ya sa daren bazara ke da wuya. Abin takaici, watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, su ne lokacin shirin manyan jarrabawa. Wanka kafin kwanciya yana taimakawa sosai, haka kaya marasa nauyi na auduga da buɗe taga. Mai kwana a tsakar gida kada ya bar gidan sauro a ɗaki, domin sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta, kuma ko kukansa kaɗai ya isa ya tsinka barci gida goma.

Abu biyu kuma ba wasa a cikinsu: janareta kusa da taga ko cikin gida, da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Dukansu suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

To yaya za a yi?

Abin da ya fi komai tasiri shi ne tsayayyen lokaci. Agogon jiki yana son sabo. Ka zaɓi lokacin kwanciya ka riƙe shi, har Asabar da Lahadi kada ka kauce da fiye da awa ɗaya ko makamancin haka. In ka saba kaiwa 12, kada ka ce yau sai 9, za ka yi ta juyi ne kawai. Ka riƙa jawo shi da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu. Hasken safiya ma yana saita agogon, don haka tafiya makaranta a ƙasa da sassafe riba ce.

Saura awa ɗaya ka kwanta, ka rabu da waya. Ka sa ta caji nesa da shimfiɗa, ba ƙarƙashin filo ba. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da kuma hira bayanta. In ka kwanta kimanin minti 20 barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta kokawa da shi. Tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi wani abu mai sanyi kamar karatu a takarda ko zikiri, sai ido ya yi nauyi ka koma. In tunanin gobe ne ya dame ka, rubuta abubuwan a takarda ka ajiye.

Ƙailula tana cike giɓi, musamman a watan azumi da sahur da tarawihi ke rage dare. Minti 20 zuwa 30 bayan Azahar sun wadatar. In ta zarce awa ɗaya ko ta kai yamma, za ka tashi jiki a mace, da dare kuma barci ya yi yaji.

Game da karatu, awa ɗaya kullum na mako biyu ta fi awa 14 a dare ɗaya. Abin da ya fi ba ka wuya, ka bita shi da daddare kafin ka kwanta, bayan sallar Asuba ka rufe littafi ka gwada tuno shi. Daren jarrabawa kuma ka haɗa katinka da biro da fensir tun da wuri, ka kwanta a lokacin da ka saba.

Dannau, minshari da ƙwaya

Da yawa sun taɓa farkawa cikin dare su ji kamar an danne musu ƙirji, ba motsi ba magana, wani lokaci har da ganin wata inuwa a ɗaki. Dannau ke nan. Ga bayanin likitoci: a lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mutum ya tsinci kansa a ɗaure na 'yan daƙiƙu ko mintuna kaɗan. Yana da ban tsoro, amma ba ya cutarwa, kuma ya fi samun matasa, masu ƙarancin barci, da masu kwanciya rigingine. Ka yi addu'arka, ka kwanta ta gefe, ka kuma ƙara awannin barcinka.

Wanda ya kamata a kai asibiti shi ne mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, har ya farka yana haki. Sau da yawa a yara da matasa kumburin ƙullutun maƙogwaro ne ke jawo haka, kuma ana maganinsa. Shi mai yin bai sani ba, don haka in maƙwabcin gadonka ne, ka gaya masa cikin mutunci, ba a gaban 'yan ɗaki ba. Haka wanda barci ke gagararsa dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, ko wanda ke barci isasshe amma kullum yana faɗuwa barci a aji, ko wanda rashin barcinsa ya haɗu da baƙin ciki da ƙin shiga mutane.

Kada a je kemis a sayi ƙwayar barci ba da takardar likita ba, kada kuma a karɓa daga hannun aboki. Irin su diyazefam jiki yana saurin sabawa da su, gobe ɗaya ba za ta isa ba, jibi kuma barci ba zai zo ba sai da su. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, da taramol da wasu ke sha wai don su jure karatu, duk hanya ɗaya suke bi. In barci ya gagare ka, ka fara gaya wa Mama ko Baba, ko malamin da ke kula da ɗakin kwananku, su raka ka wurin likita.